Kaka Ta Zo Neman Fuskarta

"Lafiya lau, in ban da ciwon gwiwa da takaicin miji irinka," in ji Kaka, tana tura ƙofar gilashin da bakin sandarta. "Haka ake tarar mace? Kana zaune kamar an dasa ka, ni zan buɗe wa kaina ƙofa?"

Jikan nata mai hoto bai ko ɗago daga kwamfutarsa ba.

"Ai don na ga ke ce. Da wata kyakkyawa ce, da tun daga bakin titi na taro ta. Wa ya sako ki da rana tsaka? Ko an manta ƙofar gida a buɗe ne?"

"Tasi na hau, ja'iri. Direban ma sai da ya tambaye ni ko ina da aure."

"Makaho ne ke nan. Allah Ya tsare da kuka iso lafiya."

Yana faɗa yana miƙewa. Ya janyo mata kujera mai taushi, ya kwashe wayoyin wutar da suka barbazu a ƙasa don kada su harɗe mata sanda, ya zuba mata ruwa a kofi. Ita ce ta raɗa masa suna Walƙiya, tun ranar da ya sayi kyamararsa ta farko ya lallaɓo ya haske ta tana shan shayi, ta zubar da rabin kofi a zaninta. Sunan ya bi shi ya liƙe, har a allon shagon abin da aka rubuta ke nan. Kaka ta zauna ta ƙare wa ɗakin kallo irin na mai neman laifi: ga farin labule da ya sauko daga bango har ƙasa, ga laimomi biyu masu fitila a ciki, ga kyamara a kan ƙafafu uku, ga wata kanta cike da albam, ga amare a firam suna ta yi wa juna murmushi daga bango zuwa bango. Ta ce shagon na warin takalmi. Ya ce kafin ta shigo turare yake yi.

To, Kaka dai ba yawo ne ya fito da ita ba. Bikin Auta ya matso, ƙanwar Walƙiya, wadda ita ce ta ƙarshe a jikokinta mata. Bukukuwa uku aka yi a gidan kafin wannan, kuma duk Walƙiya ne ya ɗauki hotunansu. A makon da ya wuce Kaka ta sa aka ɗauko mata albam ɗin guda uku, ta goge tabarau, ta zauna bakin taga tana bin su shafi-shafi. Ta ga 'ya'yanta, ta ga surukanta, ta ga maƙwabta, ta ga wata mata da ko gayyatarta ba a yi ba tana washe baki a shafi biyu, har direban da ya kai amarya ta gani. Kanta ne kawai ba ta gani ba. Ta sake bi daga baya zuwa gaba, ko idon ne ya yaudare ta. Babu ita.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Ta dubi madubi, ta ga fatar da ta tattare, ta ga giɓin haƙora, ta yanke wa kanta cewa yaran nan kunyarta suke ji, ba sa son tsohuwa ta ɓata musu littafi mai tsada. Amma Kaka ba ta cikin matan da ke kuka a lungu, kuma roƙo ba ya cikin halinta. Ta ɗaura ɗankwalinta mafi kyau ta ce yau za ta ji daga bakin mai hoton da kansa, ko ta shiga albam ɗin Auta, ko kuwa ranar bikin ta yi zamanta a gida.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba," ta ce. "Ciniki na zo. Auta ta ce ka ce ta zaɓi tsarin da take so, ita kuwa tela ya riga ya ɗaga mata hankali. Ni ce wakiliya. In ba ka gamsar da ni ba, akwai wani mai hoto a ƙasan layin nan, na ga allonsa ya fi naka girma."

"Wancan? Ai shi ya dace da ke. Duk wanda ya ɗauka sai ya fito kamar an tashe shi daga barci."

"Kai naka suna fitowa kamar an aiko musu da mugun labari. Yi min bayani."

Walƙiya ya gyara zama, ya sauya murya zuwa irin wadda yake yi wa baƙi masu manyan motoci. Ya ce tsari uku ne. A ƙarami shi kaɗai zai zo, kuma zauren biki kawai zai tsaya, daga shigowar amarya har a yanka kek, daga nan ya naɗe kayansa. A matsakaici tun daga ɗakin kwalliya ake farawa, a ɗauki takalmi, a ɗauki zobe, a ɗauki rigar tana rataye kafin a sa ta, kuma masu hoto biyu ne, ɗaya na bin amarya ɗaya na bin ango.

"Hoton takalmi," in ji Kaka. "Takalmin ne zai yi zaman auren?"

"Ya fi wasu dangin kyau a hoto."

"Kuma ku biyu. Kai ɗaya ma yaya aka ƙare, balle an ƙaro wani mai ƙafafu irin na wannan abin da ka ɗora kyamara a kai."

"Waɗannan ƙafafun 'yan mata ke layi a kansu. Haƙuri nake ba su, ina cewa akwai wata tsohuwa da ta riƙe ni ta ƙi saki."

"Su zo su ɗauka. Har kuɗin mota zan ba su."

Ya ce to ta saurari babban tsari, wanda shi ne zai yi wa Auta, tunda ƙanwarsa ce. Akwai bidiyo. Akwai albam mai bangon fata da firam babba na falo. Akwai duk hotunan a memori, da wasu da za a tura wa dangi ta waya. Akwai hoton kafin biki, a kai ango da amarya wani lambu su jingina da bishiya suna duban nesa.

"Me ke nesan?"

"Ba komai. Ni nake cewa su duba."

"To in an gama jinginar aka fasa auren fa?"

"Sai in sa almakashi in raba hoton biyu, kowa ya ɗauki nasa."

Kaka ta so ta yi dariya ta danne, don ba ta son ya ga ya ci ta tun yanzu. Ya ci gaba, ya ce har da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Ta ce daga sama me za a gani in ba sanƙon baƙi ba. Ya ce za a ga ɗaurin ɗankwalinta, mai kama da tukunyar da aka kife. Ta ɗaga sanda, ya ja kujerarsa baya.

Daga nan ya shiga fannin da ya fi alfahari da shi, wato gyaran hoto. Ya ce in amarya ta tashi da ƙurji a goshi ranar bikinta, shi zai share shi. In ango ya yi gumi ya jiƙe hammata, shi zai busar. Tumbi ma yana ragewa, in mai shi ya roƙa a asirce.

"Ke kuwa in na fara gyaran fuskarki, wutar unguwar nan gaba ɗaya za ta ɗauke."

"Wannan fuskar? Yaro man kaza. Kakanka ranar da ya fara ganina yana buga ƙusa ne, ya sauke guduma a kan babban yatsansa. Har ya koma ga Allah farcen nan bai sake fitowa daidai ba."

"Tsoro ne ya kama shi. Baba Kafinta da ko murmushi bai iya ba? Ni da nake mai hoto na sha fama da shi. In na ce, Baba a ɗan saki fuska, sai ya ƙara ɗaurewa kamar an ce masa katako ya yi tsada."

Nan kam gaskiya ya faɗa. Hoton marigayin da ke rataye a falonta shaida ne: tsaye ƙiƙam, gira a haɗe, kamar mai gadin banki. Ta yi zaman aure da shi fiye da shekara hamsin, bai taɓa zaginta ba, bai taɓa barinta da kujera mai rawa ko ƙofa mai ƙara ba, amma kallon nan mai taushi da take gani mazan yanzu na yi wa matansu a hoto, ita ba ta san shi ba. Ta daɗe da sallamawa cewa haka Allah Ya yi shi. Ya rasu bayan bikin farko da 'yan watanni. Ta kurɓi ruwa ta mai da maganar kan ciniki.

Ta tambaye shi sai yaushe hotunan za su fito, don na yayarsu sai da ta haihu jaririn ya fara rarrafe kafin aka ga albam. Ya ce sharri take masa, ko zama jaririn bai fara ba. Ya ce 'yan kaɗan za su fito a makon, don masu ɗokin sawa a waya, sauran kuwa sai an yi haƙuri wata guda ko fiye, albam kuma sai amarya ta zauna ta zaɓa. Ya ce mutane na zaton aikin mai hoto ranar biki yake ƙarewa, alhali ranar yake farawa. A biki ɗaya yana danna kyamara sau dubbai, kuma ba duka ake ba mutum ba, sai an tace.

Kunnen Kaka ya miƙe. Ta ajiye kofin a hankali.

"Tacewa kamar yaya?"

"A fitar da marasa kyau. Wanda ya yi dishi-dishi, wanda wani ya gitta, wanda aka kama mutum baki cike da abinci. Kwamfuta ce ma ke fara yi min, ta ware tarkacen gefe guda, ni in zauna a kan masu kyau."

"To ni a wane layi ka sa ni? Masu dishi-dishi, ko masu baki cike da abinci?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ita layinta daban ne, na masu fasa gilashin kyamara. Sai ya lura ita ba dariya take ba. Ta nuna kantar shagon da sanda, inda ya jera kwafin albam ɗin gidan guda uku yana nuna wa masu zuwa ciniki.

"Ɗauko su. Nuna min ni."

"Ke? Ai kin cika su. Har ƙorafi aka yi."

"Nuna min."

Ya ɗauko na farko yana fito, ya buɗe da ƙarfin gwiwa. Ya wuce shafi, ya wuce wani, ya ce tana gaba. Ya kai ƙarshe. Ya ce wannan ai tsoho ne, lokacin bai ƙware ba, ya ɗauko na biyu. Fiton ya ragu. A tsakiyar na biyun ya dangwala yatsa da murna ya ce ga ta nan. Kaka ta sunkuya ta duba. Sandarta ce, jingine da wata kujera a gefen hoton.

"Sannu," ta ce. "Sandar ta yi kyau. Ka rage mata tumbi?"

A na ukun ya samo hannu a kan kafaɗar amarya, hannu mai jijiyoyi da zoben azurfa, an yanke shi daidai wuyan hannu. Ya samo kuma bakin mayafinta a wani shafin. Daga nan bai sake samun komai ba. Ya koma na farko ya sake bi, yanzu a hankali, yana lasar yatsa, gumi na tsattsafo masa a hanci duk da fankar da ke juyawa.

Ya fara kame-kame. Ya ce hoton dangi gaba ɗaya a ƙarshen biki yake ɗauka, ita kuwa kafin lokacin gwiwa ta matsa mata an mai da ita gida. Ta ce wannan gaskiya ne, amma tun safe take zaune a wurin, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya zo ya tsaya a gabanta da wannan abin nasa. Ina waɗancan suka tafi?

Sai Kaka ta faɗi abin da ya kawo ta, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Walƙiya, ni ba yarinya ba ce. In kunyata kuke ji, ku faɗa min. Na san na tsufa, na san fuskar ta lalace. Sai in yi zamana a gida ranar, in yi wa Auta addu'a daga ɗaki. Ba zan ɓata mata littafi ba."

Tunda aka haife shi bai taɓa jin ta yi masa magana babu zagi a ciki ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya rantse da Allah babu wanda ya taɓa cewa a cire ta, shi kuma bai taɓa nufin haka ba. Ta ce to aljanu ne suka cire ta. Ya juya yana kallon laimominsa masu fitila, kamar su za su ba shi amsa. Can ya juyo.

"Kaka, in na haska, me kike yi?"

"Me kuwa zan yi? Runtse ido nake. Wutar nan taka har tsakiyar kaina take shiga. Tun ranar da ka sa na zubar da shayi nake gaya maka."

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya janyo aljihun tebur, ya tono wani ɗan akwatin ajiyar hotuna mai ƙura, ya jona shi da kwamfuta. Yana jira ya buɗe yana yi mata bayani, muryar ciniki ta gudu ta bar shi. Cikin abubuwan da kwamfutar ke warewa, ya ce, har da duk hoton da ta ga ido a rufe. Shi kuma tunda ta ware ba ya komawa ya duba, dubban da suka rage ma sun ishe shi. In kuma hoto ya yi kyau amma na gefe ya rufe ido, sai ya datse gefen, hannunsa ya saba, ba ya ma tsayawa ya ga ko wane ne. Abin da ya cece shi kawai shi ne ba ya gogewa, don tsoron rigimar masu biki.

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar.

Ga ta nan. Layi bayan layi, daga sama har ƙasa, Kaka ce. Ga ta da shuɗin mayafi, ga ta da ruwan goro, ga ta rungume da amarya, ga ta tana nuna wani da sanda, ga ta jikoki sun yanyame ta, kuma a kowane ɗaya idanunta a runtse gam kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci. Wani nauyi da ta kwana bakwai tana ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Ashe ba ƙinta aka yi ba. Daɗi ya kama ta har sai da ta ji kunyar kanta, don haka ta yi maza ta koma bakin aikinta.

"Wato kwamfuta ce ta kore ni daga dangi, kai kuma kana zaune kana fito."

"Ke ce kike zuwa bikin mutane kina barci."

"Barcin ya fi kallon fuskarka. Shekara nawa kana cin abincina, na'ura ta ce babu ni, ka ce to."

"Na'urar tana da ido ne, ta san abin da zai sayu."

"Za ta san abin da zai sayu in na kwara mata ruwan kofin nan. Ci gaba, in ga sauran."

Ya ci gaba da gangarawa, suna tafe suna tsiya. Ta ce a wannan ta fi amaryar kyau ko da ido a rufe. Ya ce amaryar ma ta yi kuka ranar, yanzu ya gane dalili. Suka wuce biki na uku, suka wuce na biyu, suka shiga na farko. Kwatsam Kaka ta ɗora sandarta a kan tebur.

"Tsaya. Koma baya. Wancan."

Ya buɗe shi ya cika fuskar kwamfutar. Ita ce zaune a kujerar gaba, ido a runtse, baki buɗe tana dariya. Kusa da ita Baba Kafinta ne, da babbar rigar da ya tsana. Amma ba kyamara yake kallo ba. Ya juya gaba ɗaya yana kallonta, girar nan da ba ta rabuwa ta rabu, fuskar ta saki, yana murmushi har haƙoransa sun fito.

Walƙiya ya danna na gaba. Nan ma ita ce ido a rufe, shi kuma yana kallonta. Ya danna na gaba. A wannan tsohon ya ɗaga tafin hannunsa a gaban fuskarta yana tare mata hasken, ga babban yatsan nan mai karkataccen farce ya fito sarai. Hannun ya rufe rabin hoton, ya lalata shi ta kowace fuska da mai hoto zai duba.

Kaka ta tuna ranar. Ta tuna cewa can wajen tsakiyar biki hasken ya daina damunta, ta ɗauka yaron ne ya gaji ya koma wani gefen. Da ta buɗe ido ta tarar da mutumin nata zaune ƙiƙam yana hararar masu kiɗa, kamar kullum. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake cirewa. Hawaye ne, kuma ba ta ɓoye su ba.

"Munafuki," ta ce a hankali. "Shekara hamsin. Ashe jira yake in rufe ido."

Walƙiya ya juya baya yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara, ya daɗe a haka. Da ya juyo hancinsa ya yi ja. Ya ce zai wanke mata na murmushin nan yanzun nan, babba. Kuma don ya nuna bajinta, ya ce akwai yadda zai yi ya ɗauko idanunta daga wani hoton ya dasa a nan, su fito a buɗe tar, babu wanda zai gane.

Sandar ta sauka a kan tebur, kofi ya yi tsalle.

"Ka taɓa idon nan in karya maka yatsa, ka yi kama da kakanka. Da a buɗe yake, ai da bai kalle ni haka ba."

Ya tura hoton injin wanki, ya hau kujera ya sauko da firam mafi kyau a bangon, mai ruwan zinariya, ya zare hoton wasu ango da amarya da ke duban nesa a ciki ya ajiye shi a kan kantar. Injin na aiki Kaka na shimfiɗa sharuɗɗanta, yanzu da cikakken iko. Ba ƙarami take so ba, ba matsakaici ba, ba babba ba. Tsari na huɗu za a yi. Ranar bikin, kafin takalmi, kafin zobe, kafin ɗan jirgi ya tashi, zai zo ɗakinta da safe, a kawo Auta da kwalliyarta, a zaunar da su bakin taga. Babu laima, babu fitila. Hoton dangi kuma a farko za a yi shi, tun gwiwarta na da ƙarfi, kuma a tsakiya za ta zauna, inda almakashinsa ba ya kaiwa. Sannan duk tarkacen da na'urar ta ware, da idonsa zai bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce ya gama.

"Wannan tsarin ai ya fi babban wahala."

"Shi ya sa ya fi shi kyau. Ka yarda ko in gangara ƙasan layi?"

"Na yarda. Na sallama. Amma bari in gwada, kada ranar ki ba ni kunya."

Ya kashe fitilun laimomin, ya zuge labulen taga, hasken rana ya shigo ya kwanta a gefen fuskarta. Ya ɗaga kyamara. Kaka ta ɗaure jiki tana jiran dukan nan da ta saba ji a ido, sai ta ji ɗan ƙaramin ƙas kawai. Ya juyo mata da bayan kyamarar. Ga ta nan, idanu biyu a buɗe, jajaye, jiƙaƙƙu, suna kallon mutum kai tsaye.

"To, ga ki," ya ce. "Allah Ya ba masu kallo haƙuri."

"Ka ga mace," in ji Kaka. "Wannan ita kake cewa za ta ɗauke wutar unguwa? Ai ita ce wutar."

Ya sa hoton tsohon a firam, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya kawo takarda zai naɗe, ta ce ya bari, haka za ta riƙe shi, direban tasi ma ya gani ya san tana da aure. Ta miƙe da ƙyar, firam a ƙirji, sanda a ɗaya hannun.

"To ni fa?" in ji Walƙiya. "Mijin yanzu ba shi da ko sannu? Na ba da firam, na ba da hoto, an kore ni saboda wani tsoho mai karkataccen yatsa?"

Kaka ta dube shi sama da ƙasa, dariyar da take dannewa tun shigowarta ta ƙwace mata. Ta juyo da firam ɗin ta saita masa a fuska.

"Kai ka fara koyon kallon mace tukuna. Ga malaminka nan. Wuce ka riƙe min ƙofa."

Ya riga ta isa ƙofar, ya buɗe ta har bango, ya tsaya riƙe da ita har ta sauka daga dakali.